Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyara Kuskuren Rubutu a Takardar Sallamar Tsohon Sojan Amurka

Duk wanda ya yi aikin soja na cikakken lokaci a Amurka, ɗan ƙasar ne ko baƙon da ya shiga da takardar izinin zama, yakan fita da takardar sallama da ake kira DD-214. Akwai 'yan asalin Nijeriya da Nijar da Gana da suka bi wannan hanya, kuma sunayenmu da yadda muke rubuta kwanan wata suna daga cikin abubuwan da suka fi saurin samun tangarɗa a hannun ma'aikacin da bai saba da su ba. Ga bayanin yadda ake gyara irin wannan kuskure.

Mece ce takardar DD-214, kuma me ya sa ake ba ta muhimmanci haka?

Ita ce taƙaitaccen tarihin aikin soja a rubuce, kuma tun shekarar 1950 rundunonin Amurka suke amfani da ita. Tana ɗauke da cikakken suna, da ranar haihuwa, da muƙamin da mutum ya fita da shi, da ranar da ya kama aiki da ranar da ya ajiye, da tsawon lokacin da ya yi a ƙasashen waje, da lambobin yabo, da kwasa-kwasan da ya halarta, sannan da irin sallamar da aka yi masa da dalilinta. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, tana duba ta kafin ta amince da kuɗin karatu ko kula da lafiya ko lamunin sayen gida. Haka ma hukumomin gwamnatin tarayya idan mutum yana neman fifikon da ake bai wa 'yan mazan jiya wajen ɗaukar aiki, da hukumar shige da fice idan yana neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aikin soja, da masu kula da maƙabartun sojoji ranar da ta Allah ta kasance.

A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, ana bai wa soja kwafi iri biyu. Ɗaya gajere ne, wanda ba ya nuna irin sallamar da dalilinta, ɗayan kuma, mai lamba 4, yana ɗauke da komai. Mai lamba 4 ɗin ne yawancin hukumomi suke nema, kuma shi ya kamata a bi layi-layi idan ana neman gano kuskure.

Wane irin kuskure ne ake ɗauka a matsayin na rubutu?

Kuskuren rubutu shi ne wanda takardar ta faɗi abin da ya saɓa wa ainihin abin da ke cikin fayil ɗin sojan, ba tare da wani jami'i ya yi niyyar yanke hukuncin hakan ba. Misalinsa harafin da ya faɗi daga suna, ko lambobi biyu da suka sauya wuri a cikin lambar shaidar mutum ta gwamnatin Amurka da ake kira Social Security, ko lambar yabon da aka riga aka ba da umarnin bayarwa amma ba a shigar da ita ba, ko watannin aiki a Iraƙi da aka manta ba a lissafa ba.

Wannan ya bambanta da ƙorafin wanda aka sallama da daraja ƙasa da ta girmamawa yake ganin an zalunce shi. A can takardar ta rubuta abin da hukuma ta yanke ne daidai, hukuncin ne ake jayayya da shi. Irin wannan ƙorafi yana da kwamitinsa na sake duba sallama, ana cike fom mai lamba DD-293, kuma dole a shigar cikin shekara 15 daga ranar sallama. Wannan kwamiti ba ya taɓa sallamar da babbar kotun soja ta yanke. Yana da kyau mutum ya tantance wanne ne nasa tun farko, domin tura takarda ofishin da ba nata ba kan cinye watanni kafin a dawo da ita.

Sunana da ranar haihuwata ne aka rubuta ba daidai ba. Yaya hakan yake faruwa?

Ta fuskar suna, matsalar takan samo asali ne tun kafin shiga soja. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mohd a takardar makaranta, kuma duka ukun shi ne. Suna kamar Abdulƙadir wani ma'aikacin ya raba shi biyu, ya ɗauki Abdul a matsayin sunan farko, sauran ya zama na tsakiya. Ga kuma tsarinmu na sa sunan uba ko na gari a ƙarshe, wanda ba koyaushe yake shiga gurabun nan uku na fom ɗin Amurka yadda ya kamata ba, har a wayi gari sunan mahaifi ya koma farko, sunan yanka ya koma ƙarshe.

Abin da hukumomin soja suke tambaya a nan shi ne da wane suna mutum ya yi aiki. Idan yarjejeniyar shiga soja, wato fom DD-4, da takardun albashi da sauran fayil duk sun rubuta Mohammed, takardar sallama ce kaɗai ta rubuta Mohamed, to wannan kuskuren rubutu ne bayyananne, kuma gyaransa ba shi da wuya. Amma idan tun ranar farko mutum ya sa hannu a yarjejeniya da rubutun da yanzu yake cewa ba daidai ba ne, ya kuma yi shekaru yana karɓar albashi da shi bai yi magana ba, to aikin ya ƙaru, domin sai ya nuna cewa kuskuren ya shiga ne tun wajen ɗaukar bayanansa, ta hanyar kawo fasfo ko katin izinin zama da yake riƙe da su a wancan lokacin.

Ranar haihuwa kuwa, a Nijeriya da Nijar ana fara rubuta rana sannan wata, a Amurka kuma wata ake farawa da shi. Wanda aka haifa ranar 4 ga Satumba, takardarsa ta gida za ta nuna 04/09, ma'aikacin Amurka kuma ya karanta ta a matsayin 9 ga Afrilu. Wannan ruɗani yana faruwa ne ga wanda ranar haihuwarsa ba ta wuce 12 ga wata ba, domin daga 13 zuwa sama babu watan da za a ɗauke ta a matsayinsa. Fasfo ya fi kowace takarda amfani wajen warware wannan, saboda yawanci yakan rubuta sunan watan da haruffa. Takardar rantsuwar shekaru da aka yanka a kotu bayan an riga an bar aiki ba ta da nauyin takardar da ta girmi kuskuren, kuma bai kamata a dogara da ita ita kaɗai ba.

Idan bambancin na 'yan kwanaki ne kawai, ya cancanci wahalar gyara?

Sau da yawa ya cancanta, domin haƙƙoƙi da dama an rataya su ne a kan ƙidayar kwanaki. Tallafin karatu na waɗanda suka yi aiki bayan 10 ga Satumba 2001 yana farawa ne daga kwana 90, inda ake biyan kashi 50 cikin ɗari, yana hawa mataki-mataki har ya cika kashi 100 ga wanda ya yi wata 36. Sojan da ya cika wata 36 cif, aka rubuta ranar shigarsa da jinkirin mako guda, takardarsa za ta ajiye shi a matakin kashi 90. Haka kuma yawancin waɗanda suka shiga soja bayan 7 ga Satumba 1980 ana neman su yi wata 24 a jere, ko su cika wa'adin da aka kira su dominsa, kafin su cancanci kula da lafiya daga VA, sai dai waɗanda doka ta keɓe.

Wurin da aka yi aiki shi ma yana da tasiri. Dokar PACT ta 2022 ta ce wanda ya yi aiki a wasu ƙasashe da ta lissafa, ciki har da Iraƙi da Kuwait da Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, da Afganistan da Jibuti daga 11 ga Satumba 2001, za a ɗauka ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja ba sai ya kawo shaidar hakan ba. Idan takardunsa ba su nuna ya je can ba, sai ya fara tabbatar da zuwan nasa kafin a kai ga maganar ciwon.

Ina ake fara kai buƙatar gyara?

Ana farawa ne daga ofishin kula da ma'aikata na rundunar da mutum ya yi wa aiki. Na sojojin ƙasa yana Fort Knox a jihar Kentucky, na sojojin ruwa yana Millington a Tennessee, na sojojin sama yana sansanin Randolph a San Antonio ta Texas, na sojojin kundumbala kuma yana Quantico a Virginia. Waɗannan ofisoshi suna iya gyara ƙaramin kuskuren da hujjarsa take a fili ba tare da an zauna a kansa ba. Wanda ya yi aiki a rundunar tsaron jiha, wato National Guard, takardarsa NGB-22 ce, kuma hedikwatar rundunar ta jiharsa ce wurin farawa.

Akwai wurare biyu da mutane suke yawan kai kokensu a banza. Na farko VA, wadda ke aiki da takardar amma ba ta da ikon sauya ko harafi ɗaya a cikinta, tunda ba ita ta rubuta ba. Na biyu Cibiyar Adana Bayanan Ma'aikata ta Ƙasa da ke St. Louis a jihar Missouri. A da cibiyar takan fitar da takardar gyara, amma ta daina, yanzu aikinta shi ne ajiye fayil da ba da kwafi.

Idan ofishin rundunar bai gyara ba fa?

Sai a tafi kwamitin gyaran bayanan soja. Majalisar dokokin Amurka ta kafa wannan tsari a 1946, domin ta huta da yin doka ta musamman a kan kowane soja ɗaya da ke da ƙorafi, kuma yau ikon kwamitocin yana cikin sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin tarayya. Sojojin ƙasa suna da nasu, ABCMR. Na ruwa da na kundumbala suna tarayya a BCNR. Na sama da na sararin samaniya suna zuwa AFBCMR, dakarun tsaron gaɓar teku kuma nasu yana ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida. Mambobin kwamitocin manyan ma'aikata ne farar hula, kuma doka ta ba su ikon gyara kuskure ko kawar da rashin adalci.

Fom ɗin da ake cikewa shi ne DD-149. A gurbin da ya tambayi abin da ake so a gyara, ya kamata a rubuta takamaimai: gurbi mai lamba kaza ya ce kaza, ana roƙon a mayar da shi kaza. Rubuta cewa a gyara mini takardata gaba ɗaya ba ya taimakon kowa. Kwamitin yana sa ran an gwada ofishin rundunar tukuna, don haka a haɗa da wasiƙar da ofishin ya ƙi amincewa, ko shaidar cewa an rubuta masa. A lura kuma cewa sa hannu a fom ɗin tamkar rantsuwa ne, kuma ƙarya da gangan a cikinsa laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin shekara biyar.

Wace irin hujja ce take gamsar da su?

Kwamitin yana farawa ne da ɗaukar cewa ma'aikatan gwamnati sun yi aikinsu daidai, kuma nauyin nuna akasin haka yana wuyan mai nema. Ba a neman hujjar da ta kawar da kowane shakku. Abin da ake nema shi ne ta rinjayi abin da ke rubuce. Kwamitin kuma ba mai bincike ba ne, ba zai fita ya nemo wa mutum shaidu ba.

Takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru ta fi kowace ƙarfi. Ga lambar yabo, umarnin bayar da ita mai ɗauke da lamba da kwanan wata. Ga ƙarin girma, umarnin ƙarin da takardar albashin watan da ya biyo baya. Ga aiki a ƙasar waje, umarnin tura runduna, da takardar biyan kuɗin tafiya, da takardun albashin da suka nuna alawus na fagen daga. Wannan ta ƙarshe mutane sukan raina ta, alhali kuwa ofishin kuɗi ba ya biyan alawus sai da dalili, saboda haka layi ɗaya a takardar albashi kan tabbatar da abin da dogon bayani ya kasa. Rubutacciyar shaidar abokan aiki ko kwamanda tana taimakawa, musamman idan takardun sun ɓata, sai dai matsayinta na tallafi ne.

A aika kwafi, a riƙe na asali a gida. Takardar da ke cikin Hausa ko Faransanci ko Larabci, kamar takardar haihuwa ta Nijar ko shaidar ɗaurin aure, a haɗa ta da fassarar Ingilishi wadda mai fassarar ya sa hannu ya tabbatar da ingancinta.

Akwai wa'adi?

Akwai. Doka ta ce a shigar da buƙata cikin shekara uku daga lokacin da aka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba. Kwamitin yana da ikon yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka, kuma fom ɗin yana da gurbin da ake bayyana dalilin makara. Wanda ya makara ya rubuta gaskiyar abin da ya faru a taƙaice, misali cewa bai lura da kuskuren ba sai da ya je neman lamunin gida aka nuna masa.

Ba ni da kwafin fayil ɗina. Yaya zan same shi?

Waɗanda suka bar aiki a shekarun baya-bayan nan suna iya sauke fayil ɗinsu ta shafin milConnect. Sauran suna nema daga cibiyar St. Louis ta intanet ko ta cike fom SF-180, kuma ba a karɓar kuɗi daga tsohon soja ko makusancin magajinsa a kan irin wannan buƙata. Bayan shekara 62 da sallama, fayil yakan koma kundin tarihi wanda kowa zai iya nema, a nan kuma akan biya kuɗin kwafi. Yana da kyau a nemi cikakken fayil, ba DD-214 kaɗai ba, domin a cikinsa ne hujjar gyaran takan fito.

Ga tsofaffin fayiloli akwai wata matsala. Ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a cibiyar, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 da 18. Kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama daga Nuwamba 1912 zuwa Janairu 1960 sun salwanta, da kusan kashi 75 na wani rukunin sojojin sama da aka sallama daga Satumba 1947 zuwa Janairu 1964, kuma babu wani kwafi da aka ajiye a wani wuri. Cibiyar takan haɗa abin da za ta iya daga takardun biyan albashi na ƙarshe da rahotannin rundunoni da bayanan asibiti, ta fitar da takardar tabbatar da aikin soja a madadin wadda ta ƙone.

Na sauya suna a kotu bayan na bar aiki. Za a sauya mini a takardar?

Yawanci ba a sauyawa. Matsayin kwamitocin shi ne fayil tarihi ne, ya kamata ya nuna abin da yake gaskiya a lokacin da aka rubuta shi, kuma sunan da mutum ya yi aiki da shi ba kuskure ba ne don ya sauya shi daga baya. Wannan ya shafi wanda ya musulunta ya ɗauki sabon suna, da matar da ta ɗauki sunan mijinta, da wanda ya gyara sunansa ranar karɓar takardar zama ɗan ƙasa bayan sallama. Abin da ake yi shi ne a riƙa gabatar da umarnin kotun tare da DD-214. Kwamitin zai iya keɓe wanda ya nuna cewa barin tsohon sunan yana jawo masa cutarwa ta zahiri, amma sai ya tabbatar da hakan.

Idan tsohon sojan ya rasu, ko ba ya cikin hayyacinsa?

Matarsa ko mijinta, ko magaji na kusa, ko wakilin da doka ta amince da shi, zai iya sa hannu a DD-149 a madadinsa, tare da takardar shaidar mutuwa ko ta rashin lafiyar, da takardar da ta nuna dangantaka. Iyalan da ke zaune a gida Afirka suna da wannan haƙƙi kamar na zaune a Amurka, kuma ana iya yin komai ta wasiƙa ko ta intanet. Inda sukan gamu da cikas shi ne shaidar aure, idan an ɗaura shi a masallaci ko a ƙofar gida ba a yi rajistarsa ba, don haka ya fi sauƙi a nemi takardar auren tun mai gidan yana raye.

Sai da lauya? Nawa ake biya?

Shigar da buƙata kyauta ne, kuma kuskuren rubutu ba kasafai yake buƙatar lauya ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da wakilai da aka tantance waɗanda ke taimakawa ba tare da karɓar ko sisi ba, haka ma jami'an kula da tsofaffin sojoji na jihohi da gundumomi. Wanda ya ɗauki lauya shi zai biya shi daga aljihunsa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai hanzarta fayil a kwamiti, a yi hattara da shi.

Tsawon wane lokaci ake jira, kuma me ake samu a ƙarshe?

Doka ta umarci kwamitocin rundunonin da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro su kammala kashi 90 cikin ɗari na buƙatu cikin wata 10, sauran kuma kada su wuce wata 18, sai dai cunkoso yakan sa a zarce. Yawancin buƙatu ana yanke su ne a kan takardu, ba tare da an kira mai nema ba. Idan kwamitin ya nemi ra'ayin wani ofishi kuma ra'ayin bai goyi bayan mai nema ba, ana aika masa ya mayar da martani, don haka duk wanda ya sauya adireshi ko imel ya sanar da su nan take.

Idan an amince, ana fitar da takardar gyara mai lamba DD-215, wadda ake haɗawa da ta asali a riƙa gabatar da su tare, ko kuma a sake buga sabuwar DD-214 gaba ɗaya. Kada a ɗauka sauran hukumomi za su ji labari da kansu. Mai nema ya kai kwafi ga VA da duk inda aka taɓa hana shi wani haƙƙi saboda kuskuren, ya nemi a sake duba maganarsa. Idan gyaran ya nuna ana bin rundunar bashin albashi ko alawus, ofishin kuɗi na ma'aikatar tsaro ne yake lissafawa ya biya.

Idan kwamitin ya ƙi amincewa fa?

Yana aiko da hukuncinsa a rubuce tare da dalilai, kuma a cikin dalilan ne akan ga takardar da ta rage. Doka ta wajabta masa sake duba buƙata, komai daɗewarta, matuƙar an kawo hujjar da bai taɓa gani ba. Maimaita tsohon bayani da sabbin kalmomi ba ya cikin wannan. Bayan haka akwai kotun tarayya, inda wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne, kuma idan ƙarar ta neman kuɗi ce ƙidayar takan fara ne tun daga ranar sallama, ba daga ranar hukuncin kwamitin ba. Kotu ba ta sake sauraron maganar daga tushe, tana duba ne ko kwamitin ya yi son rai, ko ya saɓa wa doka, ko ya yanke hukuncin da hujjojin da ke gabansa ba su goyi baya ba, kuma a wannan mataki ne ɗaukar lauya yake zama dole a aikace.